Haladu da Gorar Baba Maikano

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a. Ta zo mu ji ta!

Akwai wani ɗan ƙwallo a Wudil mai suna Haladu, a shekarun da arzikin mai ya cika titi da manyan motocin siminti. Ɗaya daga cikinsu ce ta buge shi, ya rasa ƙafar hagu.

Da ya warke, ya tarar tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya suna buga ƙwallo a bakin kogi, kowa da sandunansa biyu. Shugabansu Saje Gwadabe yana zaɓen waɗanda za su kara da 'yan garin Utai bayan Sallah.

"Saje, sa sunana kawai," in ji Haladu. "Ƙafar da nake cin ƙwallo da ita tana nan."

Aka saka shi gwaji. Minti goma bai cika ba kafaɗunsa suka ɗau zafi, numfashi ya ƙare, ya zube a yashi.

Saje ya yi dariya. "Ƙafa kana da ita, ɗan samari. Me zai kai ta wurin ƙwallon? Je ka wurin Maikano mai kwalekwale. In ya yarda da kai, na yarda."

Haladu ya ji haushi, amma yana son wasan nan. Ya je.

Baba Maikano ya miƙa masa gorar tuƙi. "Tsaya da ƙafarka, ka haye da mu."

Turawar farko, gora ta maƙale a taɓo, jirgi ya wuce, Haladu ya faɗa ruwa tsundum. Mata masu wanki suka yi ta shewa.

"Ba a fizgar ta, ɗana," in ji Baba. "Murɗa ta tukuna, sannan ka zare."

Wata uku yana hayewa da fatake. Kafaɗa ta cika, ƙirji ya buɗe, tsayuwarsa ta daina rawa. Baba ya aika wa Saje cewa a saka shi.

Ranar wasa aka wayi gari da ruwan sama, fili ya zama taɓo. Sanduna suna nutsewa, 'yan wasa suna fizga suna faɗuwa. Haladu kuwa murɗawa yake yana zarewa, yana wuce su ɗaya bayan ɗaya.

Dab da tashi ya isa gaban raga. Sai ya hango Saje a gefe, babu kowa kansa. Ya tura masa ƙwallo. Saje ya zura ta, ya jefar da sanduna don murna, ya zauna daɓas a taɓo.

"Kai, zo ka ɗaga ni!" ya ce yana dariya. "Ai yanzu kana da hannun."

Haladu ya ɗaga shi cak, har 'yan Utai suna tafi.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.

Darasi: Baiwa ba ta isa ita kaɗai, sai ka sauke kai ka gina abin da zai ɗauke ta. Ku tura wa wanda yake ganin ya wuce koyo.