Kugen Nomau a Gaɓar Rafi

Ku zauna ku ji. Wanda ya san ba zai tsaya har ƙarshe ba ya tashi tun yanzu, don akwai tambaya a gaba, kuma kowa sai ya ba da amsa.

An yi wani gari, Tungar Madaci, a bakin wani rafi da ke saukowa daga cikin duwatsu. Rafin nan mugu ne. Sai sama tana garau a gari, a yi ruwa can cikin duwatsu, kafin a ankara ambaliya ta iso ta share duk wanda ta tarar a fadama. Saboda haka tun kakanni aka ware mutum guda aka ba shi kuge, ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho. Duk damina yana zaune a kan wani dutse inda rafin ya lanƙwasa. Da ya hango jan ruwa sai ya buga, masu shinkafa da mata masu wanki su hau tudu. Ladansa gona guda ce a fadama. Gonar ba ta gado ba ce, ta kuge ce. Wanda kuge ke hannunsa shi ke nomanta.

A lokacin da nake ba ku labari, kuge yana hannun wani mutum Nomau. Matarsa Tabawa, 'ya'yansu uku duk mata: Kande babba, sai Delu, sai Azumi tana goye.

Wata damina hadari ya taso da iska mai ƙarfi, ambaliya ta sauko, ba wanda ya ji kuge. Ruwa ya tafi da mata biyu da wani tsoho. Da aka je dutsen, ba Nomau, ba kuge. To, mutum ya ɓace ran ambaliya, me hankali zai ba ku? Amma mutanen garin nan ba su nemi hankali ba, wanda za su ɗora wa laifi suka nema. Wani ya ce ai dama kwanan nan ya ga Nomau yana yawan shiru. Wani ya ce ya sayar da kugen ne ya gudu. Kafin kaka wani ɗan koli ya rantse ya gan shi a wata kasuwa ta kudu yana cin tsire. Shi ke nan, magana ta zauna. Ba a yi masa salla ba, ba a yi wa Tabawa gaisuwa ba, ba a bar ta ta yi takaba ba. Dagaci ya karɓe gonar ya ba wani abokinsa, Alhaji Barau, wai ya riƙe kafin a ƙera sabon kuge. Ba a ƙera ba har yau. Yaran nan kuwa suka tashi ana kiransu 'ya'yan ɓarawon kuge, a bakin rijiya, a gidan biki, har a makarantar allo.

Tabawa ba ta sake aure ba. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Mijina bai sake ni ba, kuma kun ce bai mutu ba. To, da wace igiya zan shiga gidanka?" Haka ta tsufa, har ciwo ya kwantar da ita, ba abin da take roƙo sai Allah ya wanke Nomau tana da rai.

Yanzu ku ji abin da kowace ta yi.

Kande ita ce ta nema. Tun tana budurwa, da ruwa ya janye sai ta ɗauki ƙaramar fartanya ta bi gaɓar rafi, tana duba duk inda ƙasa ta zube. Rafin nan yana tono abubuwa. Ta tsinci gatarin aradu, ta tsinci tsakiya, dutsen adon nan na mata, da fasassun tukwane masu zane irin wanda ba a yi yanzu, ta tsinci kawunan yumɓu na mutanen da. Masu sayen kayan da suna zuwa garin da babura, samari suna fasa gaɓa suna sayar musu da abin da kakannin wasu suka bari, ko kunya babu. Kande ba ta taɓa sayar da ko tsakiya ɗaya ba. In ta duba ta ga ba abin da take nema ba ne, sai ta mayar ta rufe. Aka ce aljanun rafi sun aure ta. Mijinta na fari ya gaji ya sake ta, na biyu ma haka. Kunama ta harbe ta, ƙaya ta lalata mata ƙafa, furfura ta fito mata a bakin rafin nan. Kowa yana cewa in ma gawa ce ai kusa da dutsen za a same ta, ita kuwa ba ta bar taku ɗaya ba, sama da ƙasa. Wata shekara gaɓa ta rufta a gindin wani tsohon ɓaure, can ƙasa da dutsen, dab da gonakin shinkafa. A cikin saiwoyin ta ga ƙasusuwa, da wani dunƙulen tsatsa da laka ya kai girman ƙwarya, manne da ƙashin hannu. Ta cire mayafinta ta tattara su duka ta kai gida.

Amma Kande ba ta san abin da ta ɗauko ba. Gari ya taru kallo. Maƙerin garin ya juya dunƙulen da ƙafa ya ce kashin maƙera ne, irin wanda ake zubarwa. Wani mai sayen kayan da ya ce a'a, kayan tsafin mutanen jahiliyya ne, shi zai saya. Jin haka liman ya ce in dai na jahiliyya ne ba za a sa ƙasusuwan nan a maƙabartar Musulmi ba, a mayar da su rafi. Kun ji. Da an bi tasu, da an sake jefa mutumin nan a ruwa karo na biyu.

Delu ita ce ta gane. Tana aure a gidan maƙera a wani gari, ta saba ganin yadda ake fitar da ƙarfe daga tsatsa. Ta zo ta ce kada wanda ya taɓa. Ta jiƙa tsamiya mai yawa a tukunya ta tsoma dunƙulen, kullum ta fito da shi ta kankare da tsinke a hankali, don in an sa guduma zai ruguje. Ruwan tsamiya ya cinye mata fatar hannu har ba ta iya tuƙa tuwo. Dangin mijinta suka aiko cewa matar da ke wasa da kayan aljanu kada ta sake taɓa musu tukunya. Ba ta fasa ba. Sannu a hankali baki biyu suka bayyana, sai sarƙa, wadda Nomau ke ɗaure kugen da ita a wuyan hannu don kada ya suɓuce. Duk da haka aka ce ai kuge kuge ne, na kowane zamani akwai. Delu ta ci gaba da kankara har ta kai wani wuri da ya yi kore maimakon ja. Nan ta tsaya ta yi kuka. Tana yarinya kugen ya taɓa tsagewa, ba su da tagullar faci, uwarsu ta cire munduwa ɗaya daga ƙafarta ta aike ta da ita maƙera. Maƙerin bai narka ta ba, dukanta ya yi ta baje, ya manna a kan tsagar. Delu ta shiga ɗaki ta zare ɗaya munduwar daga ƙafar Tabawa, ta ɗora kusa da facin. Zanen ɗaya ne, ƙafar kaza da ɗigo a tsakiya.

Tabawa ta shafa facin ta ce, "Nawa ne. Amma ni na sani tun da. Gari nake so ya faɗa."

Garin kuwa ba ya so ya faɗa. In Nomau ya mutu da kuge ɗaure a hannu, to, gonar ta koma gidansa, kuma duk bakin da ya zage shi ya ci naman mamaci. Dagacin yanzu, ɗan wancan, ya aiko aka karɓe kugen, wai za a adana shi. Aka kai shi gidan Alhaji Barau aka tura ƙarƙashin rumbu.

Azumi ita ce ta tsaya. A gidan Alhaji Barau take aure, matar ɗansa Mantau, kuma tun ranar da ta tare ake yi mata gori wai an rufa mata asiri. Ta kai abinci zaure ta ji surukinta da mai sayen kayan da suna shirya yadda za a fitar da kugen daga gari cikin buhun gero, bayan cin kasuwa. Ranar kasuwa da safe ta durƙusa ta jawo shi daga ƙarƙashin rumbun. Mantau ya tare ta a bakin zaure.

"Ke, ina za ki da kayan Alhaji?"

"Kayan Alhaji? Da munduwar ƙafar uwarsa aka yi facin?"

"Shinkafar da kike ci a gidan nan daga gonar take. In kika tsallake ƙofar nan, a bakin aurenki."

Ta ce, "To, ka aiko min da yarana da tabarmata." Ta wuce.

Ta biya wurin uwarsu ta karɓi munduwar, ta shiga tsakiyar kasuwa inda wakilin hakimi ke zama, ta ɗaga kugen ta buga da ƙahon da ta ara a wurin mahauta. Tsatsa ta cinye muryar, amma akwai wata ƙara a shaƙe da facin ke sa shi yi tun da. Tsofaffin da ke wurin suka miƙe ba su sani ba, wata tsohuwa mai daddawa har ta waiga wajen rafi. Azumi, wadda ba ta ma san fuskar ubanta ba, ta yi magana a gaban maza ba ta sunkuyar da kai ba. Ta nuna sarƙa, ta nuna faci, ta nuna munduwa. Sannan ta ce, "Kun ce ba ku same shi a dutse ba. Gaskiya ne. Iska ta hana ku jin kuge, sai ya sauko da gudu ta gaɓa don ya matso kusa da ku, ƙasa ta rufta da shi. Ku je gindin ɓaure ku auna, ku ga ko mai gudu daga gari nan yake bi." Wakilin hakimi ya sa aka je aka duba, ya dawo ya sa dagaci ya faɗa da bakinsa, kasuwa tana ji, cewa Nomau a bakin aikinsa ya mutu.

Sai ga mutanen nan, su ɗin dai, kowa yana cewa ai shi dama bai taɓa yarda ba. Jikokin ɗan kolin nan har da su a sahun gaba wajen salla. Ni da a ce ni ce, da ko ruwa ba zan ba su ba.

Aka yi wa ƙasusuwan sutura, aka binne su a maƙabarta. Aka kawo wa Tabawa kuge, aka ce gonar ta dawo, ta faɗi wadda za ta riƙe cikin 'ya'yanta, ɗan wadda aka ba kugen shi zai hau dutse da damina. Kuge ba ya rabuwa uku, gonar kuma tana bin kuge. Ga Kande ba miji, ga ƙafa ta lalace. Ga Delu da hannu a saɓe, dangin miji sun juya mata baya. Ga Azumi da saki, da yara, da tabarma. Kowace tana bukata, kuma ba wadda ta buɗe baki ta roƙa.

Tabawa ta ce a ba ta farin zane ta fara takabar da aka hana ta. Da aka matsa mata sai ta ce, "A ba wadda ta dawo min da mijina gida." Kafin a sake tambayarta Allah ya karɓi abinsa.

Da Kande ba ta bi gaɓa ba, da yana nan cikin saiwar ɓaure har tashin duniya. Da Delu ba ta gane facin ba, da an mayar da shi ruwa da sunan kayan tsafi. Da Azumi ba ta buga a kasuwa ba, da kugen ya bar gari a buhun gero, tsohuwa ta mutu tana matar ɓarawo.

To, ga kuge a ajiye, damina kuma ta kusa, dutse ba kowa. Kada wanda ya ce min a raba, na riga na gaya muku ba ya rabuwa. Tsakanin Kande da Delu da Azumi, wace ce ta dawo da Nomau gida?