Sarki Barmo da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Na tsinci wannan labari a bakin waɗanda suka karanta littattafan magabata, kuma duk sa'ad da na ba da shi sai gabana ya faɗi. An ce a birnin Dagaza an yi wani sarki mai suna Barmo, adali ne, amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Arzikin ƙasarsa duk yana wani kwari inda kogin Tsirya ya ratsa. Da rani masu lambu suna jan ruwa da jigo daga rijiyoyi marasa zurfi, suna shayar da albasa da alkama.

An ce wata rana wani attajiri, Makau, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin kwarin nan akwai kwal, baƙin dutsen nan mai cin wuta. Ba na neman gonar kowa. Abin da ke ƙasa kawai nake roƙo."

Sarki ya ji daɗi, ya ce a gaban fadawa, "Abin da ke bisa ƙasa na manoma ne, abin da ke ƙarƙashin ƙasa naka ne." Waziri Gwadabe ya buɗe baki zai yi magana, amma maroƙi ya riga ya ɗaga murya, magana ta fita gari.

Makau ya sa aka haƙa rami a gindin tudu, aka bi ta ƙarƙashin gonaki. Ruwa ya riƙa tsattsafowa cikin ramin, mutanensa suna kwashewa suna zubarwa a kogi. Ba a daɗe ba rijiyoyin lambu suka fara ja da baya. Jatau Sarkin Lambu, shugaban masu noman rani, ya ƙulla wa gugansa ƙarin igiya, bayan ɗan lokaci ya ƙara wata. Waɗanda suka koma ɗiban kogi kuwa, sai suka tarar ruwan ya yi ja kamar tsatsa, ga tsami. Duk fangalin da ya sha, albasarsa sai ta ƙone.

Jatau ya zo fada da igiyar nan, ya ajiye ta gaban Sarki. Ya ce, "Allah ya taimake ka, dubi ƙulle-ƙullen nan. In aka sake yin rani a haka, wallahi kwarin nan tashi za mu yi."

Aka kira Makau. Ya ce cikin ladabi, "Zaki, ruwan rijiya a bisa ƙasa yake ko a ƙarƙashi? Da bakinka ka ba ni shi. Nawa ne."

Sarki ya kasa cin abinci, domin in ya janye maganarsa ba wanda zai sake yarda da shi, in ya bar ta kuma talakawansa sun watse. Ya ce wa Waziri, "Nemo mini ƙofar fita wadda ba ta bi ta kan alkawarina ba."

Da aka sake zama, Waziri ya ce, "Kafin a shiga shari'a, akwai wani labari da ya dame ni, ina son mai hankali kamar Makau ya warware mini. An ce wani bijimi ya ɓace ya shigo wani gari. Wani mahauci ya rantse gaban alƙali cewa nasa ne, aka ba shi. Ashe bijimin ya bi ta gonakin mutane ya yi ɓarna. Da masu gona suka zo, sai mahauci ya ce shi nama ya sani, bai san ƙaho ba. Wa ke da gaskiya?"

Makau, da yake yana son a yaba masa, ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ko yaro ya sani. Wanda ya ce dabba tasa ce, shi zai ɗaure ta, ɓarnarta kuma a wuyansa take."

Waziri ya ce, "Madalla. Ka ce ruwan nan naka ne. To, ga shi ya kwance, yana shiga lambunan mutane yana ɓarna. Ɗaure abinka. In kuma ba naka ba ne, mayar da shi rijiyoyin da ka ɗauko shi."

Makau ya dubi hagu ya dubi dama. Ba shi da turken ɗaure ruwa, ba shi da hanyar mayarwa. Ya roƙi a karɓi ramin a sallame shi. Sarki ya sa aka toshe bakin ramin da duwatsu, ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ce, "Daga yau ba na raba ƙasa gida biyu, sama da ƙasa."

Masu ba da labarin sun ce darasin shi ne, wanda ya ba da abin da ba ya gani, bai san iyakar abin da ya bayar ba. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Jatau. Jan ruwan nan mai tsami ya ci gaba da tsiyaya daga tsakanin duwatsun nan. Duk rani Jatau yakan zura gugansa a rijiya ya duba ko ruwa ya taso har ya kwance ƙulli ɗaya. Har ya rasu, ɗansa ya gaji igiyar da ƙulle-ƙullenta cif.