Makarar Tunau

A zamanin da ƙasar nan take daji tsagwaro, tun ba a san kasuwa ba balle ganuwa, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Mutumin arewa ne, daga wata ƙasa da sunanta ya ɓace tare da namun dajinta. A can ya tashi ya ga yadda maharba suke cinna wa daji wuta ta kowace kusurwa, su tsaya da kulake, duk abin da ya fito su rafke shi, babba da ƙarami, mai ciki da mai shayarwa. Kafin gemunsa ya cika, sai mutum ya wuni yana yawo a dajin nan bai ga ko sawun zomo ba. Ranar da zai bar ƙasar ya dafa bakansa ya yi rantsuwa: muddin yana numfashi, kibiyarsa ba za ta taɓa ɗan barewa ko uwarsa ba, kuma ba za a taɓa su a gabansa ba.

Bai fito shi kaɗai ba. Yayarsa Dela ta biyo shi da 'ya'yanta da jikokinta. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ce kuma mai dafa masa dafin kibiya, don ta san kowane itace da abin da yake yi. Suka yi ta tafiya kudu har suka iso wani kwari tsakanin duwatsu, mai idon ruwa da ba ya ƙafewa. Ciyawa tana shanye mutum har kafaɗa. Bareyi kuwa ba su san ɗan Adam ba. An ce da Tunau ya durƙusa zai sha ruwa, wata ta zo ta sa baki a gefensa, suka sha tare. Nan ya kafa bukkarsa.

Labarin wurin ya bazu, manoma suka zo, maƙera suka biyo. Suka naɗa shi Sarkin Baka, shugaban maharba, suna yi masa kirari: “Tunau na Dela, ɗaci ya fi dafi! Mai harbi ɗaya, mai inuwar marayu!” Ya kafa doka cewa tsohon namiji kaɗai za a harba, shi ma sai da izini. Mutane suka bi, don suna ƙaunarsa kuma suna tsoronsa.

Wata safiya ya iske kyarketai, karnukan daji, sun kayar da ɗan barewa suna yagarsa da ransa, uwar tana tsaye nesa tana kallo. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce ashe rantsuwarsa rabi ce, tunda ya hana hannun mutum ya bar haƙorin dabba. Ya shiga farautar masu farauta. Ya ƙarar da kyarketai, ya toshe ramukan kuraye, ya bi damisa har kan duwatsu. Tsofaffi sun ce kibiyarsa takan bi damisa cikin kogo, ta yi kwana da kanta har ta same ta. Waɗanda suka tsira suka bar kwarin, suka tsallaka duwatsun gabas.

Da farko abin gwanin sha'awa. Garke ya ninka, ya sake ninkawa, har in suka taso sai ƙasa ta yi girgiza. Amma ciyawa ta fara gajarta. Daga kafaɗa ta koma ƙugu, daga ƙugu ta koma gwiwa. Bareyi suka shiga gonaki suna cin wake da dawa tun tana ƙarama. Manoma suka kawo kuka, Tunau ya ce su ƙara shinge.

Dela ce ta fara ganin abin da ke tafe, don itatuwan da take saro magani a jikinsu ta iske an gwaguye ɓawonsu iyakar inda bakin barewa zai kai. Ta same shi bayan girbi yana gyaran tsirkiya.

“Auta,” ta ce, don haka take kiransa tun yana goye, “dajin nan ba zai ɗauki bakunan da ka tara masa ba. Yanzu da suke da kitse, ka bar maharba su rage. Ku ɗebi 'ya'yan da aka haifa a ƙarshen damina, waɗanda dama ba sa kaiwa bazara, ku haɗa da matan da suka tsufa. Mutane su ci nama, saura su sami ciyawa.”

“Yaya, kin manta abin da ya koro mu daga gida?”

“Ban manta ba. Can an kashe ba a bari ba, nan ka bari ba ka kashe ba. Damisar da ka kora aiki take yi maka, ba ka sani ba.”

“Na rantse,” in ji shi.

“Ka rantse don su rayu, ba don su mutu da yunwa ba.”

Ya ci gaba da murza tsirkiyarsa, ita kuwa ta tashi.

Shekarar da ta biyo ruwa ya ɗauke da wuri. Tun kafin tsakiyar rani kwarin ya zama fili fetal, ƙasa ja, ba ko tsinke. Bareyi suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ƙazuwa ta cinye musu gashi. Iyaye suka daina shayarwa. Ɗa zai bi uwa yana neman nono, ta ture shi, ya sake bi, har ya gaji ya kwanta, ungulu su sauka su jira shi. Tunau yakan ɗauko irin waɗannan a kafaɗa ya kawo gida, ya ɗura musu kunu, su mutu a hannunsa.

Da suka rasa ƙarfin tafiya sai suka taru a bakin idon ruwa suna mutuwa a nan, wasu a ciki. Mutane suna ja suna jefarwa, wasu suna faɗawa. Ruwan ya yi wari, kuma babu wani. Ciwon ciki ya shiga garin, ya fara da yara. Gida-gida ake kuka. Jikokin Dela suka tafi ɗaya bayan ɗaya, daga baya ita ma ta kwanta.

Tunau ya zo ya durƙusa a gefen tabarmarta. Ta nuna masa wani tulu a kusurwar ɗaki.

“Dafi ne, na dafa maka tun bara, na ajiye. Mai sauri ne, ba za su ji jiki ba.”

“Yaya, ki yafe mini.”

“Ni ba ka yi mini komai ba, Auta. Je ka.”

Ya fita da rana tsaka, ya tsoma kibau a dafin. Bareyin ba su gudu ba, don ba su taɓa sanin tsoronsa ba. 'Ya'yan ma da suka gan shi sai suka nufo shi suna tangaɗi. Ya harbi na farko a kusa, har ya ji numfashinsa a gwiwarsa. Ya yi ta harbi har kibau suka ƙare a kwarinsa, ya zare kibau daga gawa ya sake. Maharba suka fito suka taya shi, ba mai duban wani. Naman kuwa ko kare bai ci ba, fata ce da ƙashi da cuta. Suka tara suka ƙona. Da ya dawo gida hannunsa duk jini, ya iske an rufe Dela.

Fiye da rabin garin suka kwashe kayansu suka tafi. Waɗanda suka rage suka haƙa rijiya nesa da idon ruwan. Da damina ta dawo, bareyin da suka tsira ba su cika inuwar kuka ɗaya ba, kuma ƙasar da aka tattake ta ƙi fitar da irin ciyawar da take fitarwa a da, sai ƙaya da tumfafiya.

Tunau ya sauke sarautarsa. Ya tara maharba ya faɗa musu maganar Dela kalma-kalma, ya ce su riƙe ta su bar tasa. Daga nan ya hau duwatsun gabas, ba baka ba wuƙa, ya ce zai je ya ba damisa haƙuri ta dawo. Wani makiyayi ya ce ya hango shi zaune a gaban kogo yana magana, damisa tana kwance a kan dutse tana saurare. Da ya gama sai ta tashi ta kwashi 'ya'yanta ta ƙara gaba. Ko cinsa ba ta yi ba. Ba a sake ganinsa ba.

Garin yana nan har yau, ɗan ƙarami, a bakin rijiyar. Duk shekara bayan girbi maharbansa sukan fara zagaya daji su duba tsawon ciyawa tukuna, sannan su yanke abin da za a ɗauka, daga ƙanana da tsofaffi, iyakar abin da dajin ba zai iya ciyarwa ba. Mai ciki da mai shayarwa ba a taɓa su. Wanda ya harbi ɗan barewa ba a yi masa barka, kuma shi ba ya cin naman, sai ya kai gidan da aka yi rashin yaro. Shekaru da yawa ma ba sa samun abin ragewa, sai su dawo hannu wofi, don garken bai sake cika ba.

Sunan garin Makarar Tunau. Wasu dattawa sun ce makara ce ta wanda ya zo bayan lokaci ya wuce. Wasu sun ce a'a, makara ce ta ɗaukar gawa, don a shekarar nan guda ɗaya garin yake da ita, kuma ba ta taɓa wuni a jingine ba.