Iskar da Jatau Ya Roƙa

A zamanin Sarkin Ruwa Makau, gagara-kada, uban masuntan kogin Dallaje, an yi ɗansa Jatau, sadauki ɗan sadauki, wanda aljanun Baƙin Teku suka ɗauke wa mata, Tasalla kyakkyawa son kowa, suka ajiye ta kan wani ɗan tsibirin rairayi a tsakiyar ruwa, suka ce in bai iso cikin kwana bakwai ba ta zama tasu har abada. Tafiyar kuwa ta wata guda ce ga mai tuƙi da hannu.

Jatau ya je fadar Duna Mai Rawanin Hadari, sarkin aljanun iska, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba guguwa na zo roƙo ba. 'Yar ƙaramar iska nake so ta tura jirgina ta baya, kada ta tsaya, kada ta juya, sai na isa."

Sau uku Duna yana tambayarsa ko ya san teku, sau uku Jatau yana cewa a bakin ruwa aka yanke masa cibiya. Bai yi ƙarya ba, bawan Allah, amma ruwan kogi ya sani, inda kafin iska ta gama shafar ruwa ta ci karo da gaɓa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Duna ya ba shi iskar, Jatau ya hau jirgi ya kama hanya. Ranar farko iskar ta ɗan yamutsa fuskar ruwa kamar goshin tsohuwa, Jatau har da waƙa. Bai san wannan yamutsin ne madafar iska ba: ta dafa ta tura, ruwa ya yi tudu, tudun ya ba ta faffaɗan bayan da za ta ƙara turawa, ga shi babu gaɓa, babu dutsen da zai katse mata hanzari. Rana ta uku igiyar ruwa ta kai tsayin mutum, ta biyar ta wuce rimi. Jatau ya roƙa a tsaya, iskar ta amsa masa da cewa magana zarar bunu ce.

Rana ta bakwai da hantsi, daga ƙololuwar igiyar da ta ɗauko shi, ya hango Tasalla can ƙasa tana kaɗa masa mayafi cikin murna, tsibirin kuwa bai fi kamu ɗaya sama da ruwa ba. Ya yi ihu ta gudu, to ina za ta?

Igiyar ta sauke shi daidai wurin, iskar ta tsaya cak kamar yadda aka yi alkawari. Ya iso kan lokaci. Babu tsibiri, babu Tasalla, sai mayafinta yana yawo kan ruwa.

Allah Ya tsare mu da roƙon abin da ba mu san girmansa ba.