Rijiyar Kyaftin Holdin

Kuna son jin dalilin da ya sa a tsibirinmu na Anuwera ake tarar babban baƙo da ƙoƙon ruwan gishiri? To ku matso. Kai kuma cire yatsa daga hanci.

Kun dai san ƙasar tamu, siririn zobe ce na yashi da dutsen murjani, teku a waje, teku a ciki. Ruwan shanmu na sama ne da ke taruwa ƙarƙashin yashi, ya kwanta a kan na gishiri, zurfinsa bai wuce kamu uku ba. A da rijiya ɗaya tak gare mu, wata tsohuwa, Inna Tebora, ke kula da ita.

Rannan sai ga jirgin Turawa. Kyaftin Holdin ya sauko, ya kafa tuta, ya sanar da mu wai ya gano mu. Madalla! Ashe a ɓace muke ba mu sani ba.

Ya leƙa rijiya ya ja tsaki. "Wannan ɗan ramin ne rijiya? A ƙasarmu sai an yi gaba ashirin. A haƙa!"

Inna Tebora ta ce, "Ranka ya daɗe, teku ce a ƙasa. In aka huda, mun shiga uku."

Ya ce, "Tsohuwa, a wace makaranta kika yi karatu?"

Kwana tara mazanmu suna haƙa, ita tana zaune a gefe tana kuka. Aka gina baki da siminti, aka rubuta sunan Kyaftin ɓaro-ɓaro. Ranar buɗewa ya ce shi zai fara sha. Ya kurɓa, idanunsa suka kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar.

Inna Tebora ta ce, "Yaya, ranka ya daɗe?"

"Garɗi!" in ji shi.

"To shanye mana." Ta ƙara cika masa ƙoƙon.

Bayan mako guda mai ilimi ya hau jirginsa, can ƙasarsu aka ba shi lambar yabo. Mu kuwa ya bar mu da ƙishirwa. Wallahi raina yana ɓaci in na tuna: a ranin shekarar jarirai huɗu muka binne. Daga nan muka koma ruwan kwakwa da tarar na sama a tukwane.

Shi ke nan abin ya zauna. Har gobe, duk babban da ya sauko da niyyar gyara mu, sai mu ɗebo masa daga rijiyar Kyaftin. In ya tofar, mu ba shi tabarma. In ya ce garɗi, mu raka shi jirginsa.