Gidan Waziri Jatau a Bakin Fadama

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa an yi wani sarki a birnin Tsamiyar Gulbi, ana ce masa Sarki Barmo. Birnin yana bakin kogi, kuma tun kaka da kakanni ba a gini a fadamar yamma, domin nan ruwa ke kwanciya idan kogi ya cika. Da aka daɗe ba a ga ambaliya ba, sai manya suka shiga gini a ciki. Wanda ya fara kuwa mahaifin Waziri Jatau ne, ya gina gida a bakinta, a tsakar gidan ma aka binne shi.

Wata damina ruwa ya rasa makwanci, ya afka unguwar marina, ya ci gidaje da rayuka. Madugu Tankari, mai rumbunan kanwa a fadamar, ya zo fada ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ja ganuwa ta kare fadama, ni zan ciyar da magina."

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "In an tare ruwa, ina zai nufa?"

Waziri ya san amsa, ya kuma san abin da za ta jawo masa. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi wasu 'yan'uwa biyu masu gonaki a kwari. Babban ya ɗaga kunya, ruwa ya malale gonar ƙanensa. Ƙanen ya ɗaga tasa ta fi ta wansa. Suka yi ta yi, har ruwan ya rasa hanya, ya zaga ya rushe ɗakin tsohuwarsu tana ciki."

Madugu ya ce, "Af, ashe tatsuniya muka zo ji?"

Waziri ya ce, "Ganuwarka za ta tsare kanwa, ta tura ruwa kan marina. A mayar wa kogi fadamarsa."

Sarki ya ce, "Waziri, ka san gidan wa ke bakinta?"

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Da shi za a fara."

Kai, abin da ban tausayi! Waziri da kansa ya fara saran zauren ubansa yana hawaye, ya kewaye kabarin da duwatsu. Daga nan wa ke da bakin ƙi? Har Madugu ya kwashe kanwarsa yana gunaguni. Sarki ya yanka musu filaye a tudu, ya gina wa Waziri gida kusa da fada.

Damina ta zagayo, kogi ya cika ya kwanta a fadama, ko kaza ba ta mutu a unguwar marina ba. Da ruwa ya janye, Waziri ya sauka neman kabarin, ya tarar laka ta shafe kome. Ya tsaya bai san inda zai fuskanta ba. Sai ga marina sun biyo shi, hannuwansu shuɗi da baba, suka jeru a bayansa suka yi wa mahaifinsa addu'a.

Masu ruwaya suka ce, shawarar da ta ceci gari, mai ita ta fara yi wa ciwo.