Magaji Korau da Tsohuwar da Ta Shigo Amanarsa

Da sunan Allah, mai ba da mulki aro, mai karɓe abinsa ranar da Ya so.

An ce a wani zamani, tun tsuntsu na magana mutum na saurare, akwai garuruwa huɗu a bakin wani daji mai mahara: Ƙirya, Marke, Ɗinya da Kaiwa. Mutanen nan ba sa gadon sarauta. Duk shekara uku sai a jera ƙore a dandali, kowane mai neman zama Magajin gari da tasa ƙwaryar, duk baligi, mace da namiji, ya zo ya jefa ƙwallon dabino a ta wanda yake so. Alkawari biyu ne ya ɗaure garuruwan. In wani gari ya buga gangar gudunmawa, sauran ukun su fito. Kuma ba a zama tabarma ɗaya da wanda ya hau mulki ba ta ƙwarya ba.

Ana nan, sai sarkin yaƙin Marke, mai suna Dogara, ya nemi mulki ya sha kaye. Bai yi wata-wata ba ya sa ƙafa ya farfasa ƙoren, ya haye kujera da baka a hannu. Tsohuwar da ke ƙirga ƙwallayen garin, Inna Gwamma, ta gudo Ƙirya daga ita sai zanen jikinta, ta faɗa zauren Magajin garin, Korau, ta ce, "Na shigo amanarka."

Kwana uku da haka, da hantsi, sai ga manzon Dogara. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce a gaishe ka. Ya ce ga gero ya ƙosa, mahara kuma sun san hanyar rumbu. Ka ba shi tsohuwar nan ta je ta rantse a dandali cewa ƙwaryarsa ce ta rinjaya, shi kuma ya ba ka maharba ɗari biyu su tsare maka bakin daji har a gama kaka. In ka ƙi, zai janye mutanensa daga mashigin dajin, ka ji da abin da zai fito. Yana son amsa kafin la'asar."

Korau ya sa aka kai manzo masauki, shi kuwa zama ya gagare shi. Bara ma mahara sun ƙona rumbuna goma sha ɗaya a Ƙirya, sun kashe ƙanensa a bakin gona. Ya shiga gida, ya fito. An kawo fura, ya ɗaga ludayi ya mayar. Ya leƙa ɗakin baƙi ya hango Gwamma tana jan carbi, ya juya da sauri kada su haɗa ido. Daga ƙarshe ƙafa ta kai shi gindin rimin bayan gida, yana ta kai da kawowa kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

A kan rimin nan akwai wata tsohuwar shamuwa da ke sauka duk damina tun zamanin kakansa. Tana gyaran fiffike, don lokacin tafiyarta ya gabato. Ta leƙo ta ce, "Magaji, ka bar ƙasar nan ta huta. Tun ɗazu kake sussukar ta, ba ko zangarniya a kai."

Ya ce, "Inna Shamuwa, ke kina da fiffike, in wuri ya ɓaci ki tashi. Ni gari ne a wuyana. Tsohuwa ɗaya a hannun nan, rumbunan mutum dubu a wancan. Rantsuwa ce kawai za ta yi, ba yanka ta za a yi ba."

Shamuwa ta ce, "Haka Madugu Arzika ya ce, ran da aka nemi ya sayar da wutsiyar ayarinsa."

Korau ya tsaya. "Yaya aka yi?"

Ta ce, "Saurara ka ji.

"Madugu Arzika ya ɗauko ayarin fatake daga Gwanja, jakuna ɗari uku, duk goro. Ka san al'adar ayari: ba a tashi daga zango sai uban dawaki, mai tafiya a can ƙarshe, ya zaga ya duba kowa, ya ɗaga murya ya ce, 'An cika!' Wannan kalma ita ce ran ayari. Saboda ita mai ɗingishi ke barci da ido biyu rufe.

"Da suka iso wani kwazazzabo, sai shugaban 'yan fashin wurin, Gagarau, ya aiko wa madugu a asirce. Ya ce, akwai wani gurgu a ƙarshen ayarinku, Nomau, mai jakuna biyar, kullum shi ke jawo muku jinkiri. Gobe in kun tashi, uban dawaki ya ce an cika tun Nomau bai ɗaura kaya ba. Ku bar mini shi, ni kuma in raka ku da kaina har ku fita dajin.

"Madugu ya zo wurin murhu yana lissafi a fili, yana cewa, 'Biyar cikin ɗari uku, ai ko ɓera ya fi haka ɓarna. Kalma ɗaya ce kawai.' Mai tuwon ayari, wata dattijuwa Tabawa, ta ji shi. Ta ɗaga muciya ta ce, 'Madugu uban fatake, yau kuma uban wasu ban da wasu? In ka yi haka ka bi sawun Shekarau mai yanke igiya.' Ya ce, 'Tabawa, bakinki ya fi tuwonki zafi. Wane ne kuma Shekarau?' Ta ce, 'Zauna, tuwo bai nuna ba, labari ya nuna.

"'A garinmu, in gero ya fitar da kai, tsuntsayen jan-baki kan taso daga fadama kamar hadari. To manoma sai su ja igiya guda ta ratsa gonaki duka, a rataya mata sakaina da ƙarafa. Kowa na bisa rumfarsa. Duk wanda ya fara hango tsuntsu ya ja, gonaki duka su ɗauki ƙara, jan-baki ya rasa wurin sauka.

"'Gonar Shekarau na tsakiya. Gabas da shi wani babban manomi ne, Tunau. Yamma da shi, dab da fadama, wata gwauruwa ce, Hakama, da 'yar gonarta. Wata rana Tunau ya ce masa, Shekarau, mun gaji da jan igiya. Tsuntsun nan ciki gare shi, ba gaba ba. Yanke igiyar da ta nufi gonar Hakama, su sami wuri ɗaya mai shiru su ci su ƙoshi, mu mu huta. Shekarau ya ce ai da kunya. Tunau ya ce, kunya ba ta cika rumbu. Ya miƙa masa wuƙa, Shekarau ya yanke.

"'Kwana biyu jan-baki ya mai da gonar Hakama kara. Ta yi ta jan igiya, ba mai amsawa. Ta sauko, ta bi igiyar har inda aka yanke, ta duba, ta tattara ta koma garin 'yan'uwanta. Abin da Shekarau ya manta, rumfarta ce ke fuskantar fadama, ita ke fara hango tsuntsu kullum. Sauran manoma kuwa da suka ga abin da aka yi, kowa ya ce gobe ni ne, kowa ya kwance rabonsa na igiya ya kewaye gonarsa shi kaɗai. Rana ta uku hadarin tsuntsu ya taso. Shekarau ya ja igiya da ƙarfinsa duka, sai ta biyo hannunsa saɓal-saɓal. Ashe Tunau ya yanke ta gabas tun da safe.'

"Tabawa ta juya tuwonta ta ce, 'Madugu, wanda ya koya maka yanke igiyar wani, wuƙarsa ba ta koma kube ba. Ran da uban dawaki ya ce an cika alhali ba a cika ba, ba Nomau ka bari a zango ba, ayarin ka bari.'

"Madugu ya tashi daga wurin murhu. Sannan ya tara fatake, ya faɗa musu saƙon Gagarau ba ragi. Suka sa Nomau da jakunansa a tsakiya, masu kibau a gefe, uban dawaki ya zaga ya ce an cika, kuma da gaske an cika. Gagarau ya auka musu a kwazazzabo. Sun rasa jakuna tara, madugu ya ɗauki kibiya a kafaɗa, har ya mutu hannun bai miƙe ba. Amma mutum ko ɗaya ba a bari ba, kuma shekarar da ta biyo, fataken da suka nemi bin ayarinsa sun ninka."

Shamuwa ta kakkaɓe fiffike ta ce, "Ka lura, Magaji, ban ce maka ba a yi asara ba. Tara ta fi biyar. Amma biyar ɗin ba ita ce ƙarshen farashin ba, farkonsa ce."

Korau ya koma kai da kawowa. Ya ce, "Labari da daɗi, amma labari ba ya tare kibiya. In mahara suka fito jibi, da me zan tare su? Da karin magana?"

Ta ce, "Da mutanen Ɗinya da na Kaiwa. Jiya na bi ta kansu. Magajin Ɗinya da na Kaiwa duka suna sussukar ƙasa kamar kai, kowa na jiran ya ga abin da Ƙirya za ta yi, don sun san abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In ka miƙa wadda ta shigo amanarka, ka buga ganga gobe, wa zai baro gidansa saboda alkawarin mutumin da aka ga yadda yake riƙon alkawari? Sannan in tambaye ka. Maharba ɗari biyun nan, in sun shigo sun san lungunan garinka, ran da wa'adinka ya cika mutanenka suka fito zaɓe, wa zai ce musu su koma gida? Ba a ba kura tsaron garke don ta fi kare ƙarfi."

Korau ya tsaya cik. Sannan ya ce, "Astagfirullah. Wallahi har na fara shirya kalaman da zan lallashe ta da su. Na ji, Inna Shamuwa, na kuma karɓa."

Ya yi alwala ya yi azahar, ya sa aka yi shela. Gari ya taru, ya faɗa musu saƙon Dogara ba ragi, ya faɗi abin da zai iya biyo baya, har da rumbunan da za a iya rasawa. Aka yi gunaguni, wasu suka ce da ma an miƙa ta an huta. Sai Inna Gwamma ta taso tana dogara sanda ta ce, "'Ya'yana, in kun ce in tafi, zan tafi, ba zan zame muku wuta ba. Amma ku sani ko an kai ni, ba zan rantse ba. Haƙorana uku suka rage, ba zan tauna ƙarya da su ba." Aka yi dariya, dariyar ta mutu a hankali. Wani dattijo ya ce, "Zauna, Inna. Kunyar ta ishe mu haka." Ba wanda ya sake cewa a miƙa ta.

Nan take Korau ya tashi masu gudu biyu, ɗaya Ɗinya ɗaya Kaiwa, a ce musu Ƙirya na kan alkawari, su turo mutane a raba tsaron mashigin daji. Ya sa sunansa a farkon masu fita. Sannan ya kira manzo ya ce, "Ka gaya wa Dogara ba mu da tsohuwar bayarwa. In mahara sun taɓa talakawan Marke, su buga ganga, za mu zo, don da su muka yi alkawari. Shi kuwa ba mu da tabarmar zama da shi sai ya mayar wa mutane abinsu."

Manzo ya durƙusa, bai tashi ba. Ya rage murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya kai masa irin wannan amsa ba ya kwana lafiya. In na faɗa na tsira, ni da iyalina muna da wurin zuwa?"

Korau ya ce, "Ka zo. Ba sai ka yi sallama sau biyu ba."

Nan labarin ya tsaya a bakin wadda ta ba ni. Allah Ya sa shugabanninmu su ji tsoronSa fiye da tsoron mahara, Ya ba mu ikon riƙon amana ran da riƙonta ke da tsada.